Ƙara wa tsohuwar mota ƙarfin birki: daga ina ya kamata a fara?

Da yawa daga cikin motocin da ke jigilar jama'a tsakanin Yamai da Maradi, ko Ngaundare da Garwa, ko cikin unguwannin Injamena, sun riga sun gama rayuwa guda a Turai kafin jirgin ruwa ya sauke su a Kwatano, Lome ko Duwala. Wasu kuma, irin su Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, sun girmi direbobin da ke tuƙa su. Injin irin waɗannan motoci yakan samu kulawa, domin idan ya ƙi tashi ba a fita neman na abinci. Birki kuwa, sai ranar da ya tsorata mutum ake tunawa da shi.

Idan wannan rana ta zo, shawarar da mai mota yakan fara ji a gareji ita ce a sa masa manyan kaya: a ciro faifan birki na wata mota da ta fi tasa girma, ko a mayar da birkin baya irin na gaba. Akwai lokacin da shawarar take daidai, sai dai ba kasafai ba. Galibi tsohuwar motar da ba ta tsayawa da kyau, birkin da take da shi ne ya daina ba da abin da aka ƙera shi ya bayar. Saboda haka aikin yana da tsari: a fara mayar da birkin yadda ya fito daga masana'anta, sannan a duba ko akwai sauran buƙatar ƙari. Wanda ya fara daga ƙarshe yakan kashe kuɗi mai yawa, kuma wani lokaci ya fito da motar da ta fi da haɗari.

Aikin birki: mayar da gudu zafi

Mota mai gudu tana ɗauke da ƙarfi, kuma ƙarfin ba ya ɓacewa don an taka birki. Abin da birki ke yi shi ne ya mayar da shi zafi ta hanyar guga. A tayoyin gaba akwai faifan ƙarfe da ke juyawa tare da taya, da ƙananan takalma biyu da ke matse shi, waɗanda a garejojin ƙasashe masu Faransanci ake kira plaket. A baya, yawancin tsoffin motoci ganga gare su, wato tambur, takalmanta kuma suna buɗewa ne su gogi cikinta.

Lissafi kaɗan zai nuna girman aikin. Mota mai nauyin kilo 1,200 da ke gudun kilomita 100 a awa, idan aka tsayar da ita cak, zafin da zai fita ya isa ya tafasa ruwa kusan lita ɗaya da rabi, kuma cikin daƙiƙa huɗu ko biyar. Idan aka cika ta da fasinja da buhuna har ta kai kilo 1,800, zafin zai ƙaru da rabi. Gudu ya fi nauyi muni: idan aka ninka gudu sau biyu, zafin da nisan tsayawa suna ninkuwa sau huɗu. A busasshiyar kwalta da taya mai kyau, mota mai gudun kilomita 60 tana buƙatar kimanin mita 20 daga lokacin da birki ya kama, mai gudun 120 kuwa kusan mita 80. Ban da wannan akwai daƙiƙa guda da direba yakan ɗauka kafin ƙafarsa ta kai kan birki, wadda a gudun 120 ta riga ta cinye mita 33.

Daga nan za a fahimci cewa matsalar birki iri biyu ce. Ta farko, motar ba ta tsayawa da kyau tun takun farko, birki yana sanyi. Ta biyu, tana tsayawa lafiya da safe, amma bayan doguwar gangara ko taku da yawa a jere sai birkin ya yi rauni. Ta farko alamar lalacewa ce, maganinta gyara. Ta biyu ta zafi ce, kuma ita kaɗai ce manyan kaya za su iya taimakawa a kanta.

Taya ce ke riƙe ƙasa

Birki yana tsayar da taya, taya kuma ita ke tsayar da mota. Duk ƙarfin da aka zuba a faifai yana ƙarewa ne a ɗan wurin da kowace taya ta taɓa ƙasa, wanda bai fi tafin hannu ba. Idan birkin mota yana iya ƙulle tayoyinta su yi ƙara a busasshiyar kwalta, ƙarfinsa ya riga ya wuce abin da tayoyin za su iya ɗauka. Sa mata faifan da ya fi girma ba zai rage nisan tsayawar da taƙi guda ba. Taya mai kyau ce za ta rage.

Abu biyu ake dubawa. Na farko zurfin zanen taya: dokar Turai ta tsaya a milimita 1.6, kuma tun kafin a kai nan riƙon taya a kan jiƙaƙƙiyar hanya ya ragu sosai. Na biyu shekarunta. A gefen kowace taya, a ƙarshen layin da ya fara da DOT, akwai lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Misali 2318 na nufin mako na 23 na shekarar 2018. Tayar gwanjo tana iya zuwa da zane mai zurfi alhali robarta ta bushe ta yi tauri, kuma zafin Sahel, inda watan Afrilu ke wuce digiri 40, yana gaggauta bushewar. Manyan masu ƙera taya suna ba da shawarar a ajiye duk wadda ta kai shekara goma, ko da kuwa tana da kyan gani.

Tare da taya akwai na'urar da ke hana mota tsalle, wadda wasu ke kira shokozoba, wasu amortiso. Idan ta mutu, taya takan riƙa barin ƙasa a kan hanya mai gargada, kuma tayar da ke sama babu birkin da zai amfane ta.

Man birki, mafi araha kuma mafi shan wulaƙanci

Abin da ke ɗaukar ƙarfin ƙafar direba zuwa tayoyi huɗu shi ne man birki. Yana iya wannan aiki ne domin ruwa ba ya matsuwa: idan aka tura shi a nan, dole ya tura a can. Raunin wannan mai shi ne yana shan danshin iska sannu a hankali, ta murfin robar ajiyarsa da ta jikin tiyo. Yadda ruwa ke ƙaruwa a cikinsa, haka zafin da zai sa ya tafasa ke raguwa.

Ƙa'idar da aka rubuta a jikin kwalba ta fayyace wannan. Sabon DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, amma idan ya sha ruwa kimanin kashi uku da rabi cikin ɗari, ƙa'idar ta sauko zuwa 140. DOT 4 yana farawa daga 230 ya sauko 155. DOT 5.1 kuma daga 260 zuwa 180. Man da ya shekara biyar ko shida a cikin mota yana iya yin ƙasa da haka.

Idan man ya tafasa a doguwar gangara, tururi ne ke cika bututun, shi kuwa tururi yana matsuwa. Direba zai taka, ƙafarsa ta tafi har ƙasa, mota ba ta ji ba. Abin da ya sa wannan matsala ke ruɗin mutane shi ne, idan birkin ya huce, tururin ya koma ruwa, sai komai ya dawo daidai. Makaniki ya duba bai ga komai ba, a ce tsautsayi ne, a ci gaba da tafiya da man da zai sake yin haka.

Maganin shi ne a zubar da tsohon man duka, a zuba sabo, kowace shekara biyu. Ƙarawa a kan tsoho ba ya wadatarwa, domin wanda ke kusa da tayoyi, inda zafi yake, bai sauya ba. Motar da aka rubuta wa DOT 3 tana karɓar DOT 4, kuma wannan shi ne ƙari na farko mai ma'ana da za a yi wa tsohuwar mota. A sayi kwalba a rufe. Man da ake tsiyayowa daga buɗaɗɗiyar kwalba ya riga ya fara shan danshi.

Akwai haɗe-haɗen da ba a yi. DOT 5, wanda babu ɗigo ɗaya a bayansa, wani sinadari ne dabam, ba ya haɗuwa da sauran. Tsoffin Citroën irin su CX, BX da Xantia suna amfani da wani koren mai da ake kira LHM; zuba musu DOT yana lalata robobinsu, haka ma zuba LHM ko man inji a motar DOT yana kumbura robobin birki. Ruwan sabulu da wasu ke zubawa idan mai ya ƙare a daji yana tafasa a digiri 100, yana kuma kawo tsatsa. Idan larura ta tilasta, a wanke layin gaba ɗaya a gari na farko.

Haka kuma, raguwar mai a robar ajiya saƙo ne. Ko dai plaket ya cinye, ko akwai inda yake yoyo. Cika robar ba tare da neman dalili ba daidai yake da toshe kunne.

Tiyo, bututu da masta

Tsakanin jikin mota da kowace taya akwai ɗan tiyon roba, domin taya tana motsi. Tsohon tiyo yakan tsattsage a waje, ko ya kumbura idan an taka birki ya shanye wani kaso na ƙarfin, ko ya rufta daga ciki ya hana man komawa, sai birkin taya ɗaya ya riƙe ya yi ta zafi. Idan mota ta haura shekara goma sha biyar kuma ba a san lokacin da aka sauya su ba, a sauya duka. Akwai tiyo mai rigar saƙar ƙarfe wanda ba ya kumbura. Yana sa birki ya yi tauri a ƙafa, ya kuma fi jure tsakuwa, amma ba ya rage nisan tsayawa.

Bututun ƙarfe da ke bi ta ƙarƙashin mota su ma a bi su da fitila. Motocin da suka fito daga Beljiyam, Jamus ko arewacin Faransa sun sha gishirin da ake watsawa a hanya lokacin ƙanƙara, kuma tsatsar da ya bari tana ci gaba da ci a ɓoye. Bututun da ya yi ɓawo a sauya shi da bututun birki na ainihi. Ba a yi masa walda, ba a naɗe shi da roba. Toshe layin taya ɗaya da ƙusa don yana yoyo, a ci gaba da aiki da birki uku, yana sa mota ta fizge gefe guda daidai lokacin da ake buƙatar ta miƙe.

Masta shi ne famfon da ƙafa ke turawa. Gwajinsa mai sauƙi ne: a taka birki da matsakaicin ƙarfi, a riƙe. Idan ƙafa tana nitsewa a hankali alhali babu yoyo a waje, robobin cikinsa sun gaji. Tun ƙarshen shekarun 1960 aka fara wajabta masta mai layi biyu, domin idan ɗaya ya fashe ɗayan ya tsayar da mota. Duk motar da har yanzu layi ɗaya gare ta, mayar da ita layi biyu ya fi kowane ƙari muhimmanci.

Bayan masta akwai wani baƙin tulu da ke amfani da zuƙar iskar inji don taimakon ƙafa, wanda makanikai ke kira mastabak ko sabo. Ga yadda ake gwada shi: a kashe inji, a taka birki sau biyar ko shida har ya yi tauri, a riƙe, a tayar da inji. Idan ƙafa ta ɗan sauka, yana aiki. Idan ba ta motsa ba, a duba tiyon iskarsa, a motar dizal kuma a duba ɗan famfon da ke samar da zuƙar. Sau da yawa ƙorafin cewa birki ba shi da ƙarfi a nan yake ƙarewa.

Plaket da faifai: araha ba ta ado

Sa'ad da aka taka birki, nauyin mota yana zubowa gaba, shi ya sa tayoyin gaba ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin, ko fiye. A nan ingancin kaya ya fi tasiri. Plaket ɗin jabu yana kama da na gaske a ido, yana kuma kamawa lafiya a cikin gari. Bambancin yana fitowa ne da zafi: ƙaron da aka haɗa shi da shi yana ƙonewa, fuskarsa ta yi santsi kamar gilashi, direba ya taka da dukan ƙarfinsa birkin yana da tauri amma mota ba ta rage gudu. Wanda aka manna wa sabuwar fata a bakin hanya yana iya ɓallewa daga ƙarfensa gaba ɗaya.

Kayan da aka amince da su a kasuwar Turai suna ɗauke da harafin E cikin da'ira da lambar da ta fara da 90R, a jikin ƙarfen da kuma kwali. Masu jabu suna kwaikwayon wannan alama, don haka ganinta bai isa hujja ba, amma rashinta dalilin tambaya ne. Abin da ya fi tsaro shi ne dillali mai shago tabbatacce da za a iya komawa wurinsa. Plaket ɗin tsere kuma bai dace da motar haya ba, domin ba ya kamawa sosai sai ya yi zafi.

Ana sauya plaket idan fatarsa ta kusa milimita 3, kuma hagu da dama tare. Shi ma faifai yana da iyaka: masana'anta ta buga mafi ƙarancin kaurinsa a gefe ko a cibiyarsa. Faifan da ya sirance ba shi da naman da zai shanye zafi, yana saurin lanƙwasa da tsagewa. Kai shi a fere a injin tura don ya yi sumul yana halatta ne kawai idan bayan firar bai sauka ƙasa da lambar ba.

Ƙarfen da ya rungumi faifan yake ɗauke da fistan, wato etiriye, shi ne ƙurar burji ta fi cutarwa. Idan robar da ke rufe fistan ta yage, ƙasa ta shiga, sai ya maƙale. Alamarsa ita ce plaket ɗaya ya cinye ya bar ɗan'uwansa, ko mota ta ja gefe, ko taya ɗaya ta fi sauran zafi bayan tafiya. Wankewa, sabbin robobi da giris na birki sukan dawo da ƙarfin da mai mota ya manta motarsa tana da shi.

Gargaɗi ga masu gareji da yaransu: tsoffin takalman birki da wasu masu araha suna iya ƙunsar asbestos, wanda Faransa ta haramta tun 1997 saboda ƙurarsa tana jawo cutar daji a huhu. Kada a hure ƙurar ganga da baki ko da injin iska. A jiƙa ta, a goge da tsumma.

Birkin baya da batun lodi

Ganga ba abin raini ba ce. Peugeot 504 ta fito a 1968 da faifai a tayoyi huɗu, amma doguwarta ta iyali da a-kori-kura, waɗanda aka yi don ɗaukar kaya, ganga aka sa musu a baya, kuma sun yi aiki shekaru da dama a haka. Ganga a rufe take, tana kare kanta daga tsakuwa, tana kuma ba da birkin hannu mai ƙarfi. Abin da take buƙata shi ne saiti. Idan takalmanta sun yi nisa da jikinta, ƙafa za ta yi tafiya mai nisa kafin birki ya kama, gaba kuma ya ɗauki aikin duka har ya ƙone. A duba ƙananan silinda na ciki: idan suna yoyo, ko man ƙafar baya ya jiƙa takalman, a sauya takalman, domin wanki ba ya fitar da man da suka sha.

A ƙarƙashin bayan motoci da yawa, musamman a-kori-kura da ƙananan bas, akwai wata ƙaramar na'ura mai sanda ko sifirin da ke haɗe da ƙafar baya. Aikinta ta auna yadda bayan motar ya zauna. Idan babu kaya, tana rage ƙarfin birkin baya don kada tayoyin su ƙulle. Idan an yi lodi, bayan ya sauka, sai ta buɗe. A nan ne wata al'ada ta tasha take yin ɓarna ba a sani ba. Mai mota yakan ƙara ganyen sifirin a baya don ta ɗauki kaya ba ta zauna ba. Na'urar kuwa, ganin bayan bai sauka ba, sai ta ɗauka motar fayau take, ta hana baya birki a daidai lokacin da nauyi ya fi yawa. Duk wanda ya taɓa sifirin ɗin baya, dole a sake saita wannan na'ura. Cire ta gaba ɗaya shi ma haɗari ne: idan tayoyin baya suka riga na gaba ƙullewa, mota juyawa take yi, baya ya koma gaba, kuma direba kaɗan ne ke iya ceto ta.

Yaushe manyan kaya ke da amfani?

Idan an gama duk waɗannan, kuma birkin yana ci gaba da yin rauni a gangara ko da lodin da doka ta yarda, to matsalar zafi ce ta gaske. Ƙarin da ya fi ma'ana a nan shi ne a sauya faifan gaba mai fale ɗaya da mai fale biyu, wanda ke da ƙofofin iska a tsakiya. Yana da nama mai yawa, yana kuma huce kansa yayin da yake juyawa. Kamfanoni da yawa sun sa irinsa a samfurin mota ɗaya mai babban inji, don haka hanyar da ta fi tsaro ita ce a ɗauko kayan daga 'yar gida ɗaya, kuma a ɗauko su a haɗe: faifai, etiriye, maɗaurinsa, da masta idan ya bambanta.

Dalilin haɗawar shi ne birki tsari guda ne da aka auna. Etiriye mai babban fistan yana shan mai da yawa. Idan aka bar ƙaramin masta, ƙafa za ta riƙa zuwa kusa da ƙasa. Idan aka ƙarfafa gaba ƙwarai aka bar baya, gaban zai riƙa ƙullewa da wuri alhali baya bai yi aikinsa ba, nisan tsayawa ya ƙaru. A kuma tabbata sabon kayan zai shiga cikin wilin mota, domin wili mai inci 13 ko 14 ba ya karɓar kowane faifai. Maɗaurin da aka yanka aka yi wa walda a gareji, ko faifan da aka sake huda wa ramukan ƙusa, ba abin da za a ɗora rayukan fasinja a kai ba ne. Garin neman gira ake rasa ido.

Mayar da gangar baya faifai ya fi wannan wuya, ribarsa kuma kaɗan ce, tun da baya ba shi ne ke ɗaukar mafi yawan zafi ba. Yana buƙatar a sake lissafin rabon ƙarfi tsakanin gaba da baya, a kuma samo wa birkin hannu mafita. Faifai mai huje-huje da ake gani a motocin tsere yana da kyan gani, amma tsaga takan fara daga ramukan, kuma yana cin plaket. Manyan tayoyi da ake sa wa mota don ado ko don ta yi tsayi suna rage wa birki ƙarfi, domin faɗin da'irar da zai tsayar ya ƙaru.

Kafin kowane babban sauyi, yana da kyau a tambayi cibiyar binciken lafiyar mota, inda ake yin visite technique, da kamfanin inshora. Sauyin da ba a amince da shi ba yana iya zama hujjar ƙin biya ranar da aka yi haɗari, balle idan a wata ƙasa ya faru.

Game da ABS, na'urar da ke hana taya ƙullewa, wadda Mercedes ta fara sa wa wasu motocinta a 1978: dasa ta a motar da ba ta zo da ita ba aiki ne da bai cancanci wahalarsa ba. Amma wadda ta zo da ita, a kiyaye ta. Fitilarta ya kamata ta kama idan an murɗa makulli, ta mutu bayan 'yan daƙiƙu. Idan ba ta kamawa ko kaɗan, mai yiwuwa an cire ƙwan ne don a ɓoye matsala. Amfaninta shi ne direba ya iya kaucewa yana kan taka birki. A kan rairayi ko tsakuwa tana iya ƙara nisan tsayawa, saboda haka ba lasisin gudu ba ce.

Bayan an fito daga gareji

Sabon plaket da sabon faifai ba su saba da juna ba. A samu hanya miƙaƙƙiya marar jama'a, a rage gudu daga kilomita 60 zuwa kimanin 10 da matsakaicin taku, kamar sau goma, ana barin tazara tsakani don ya huce. A kilomita ɗari biyu ko uku na farko a guji birki mai tsanani sai dole. A wannan gwaji a lura ko motar tana miƙewa, ko ƙafa tana da tauri, ko sitiyari yana rawa. Birki mai laushi kamar soso alamar iska ce a cikin layi, a koma a fitar da ita kafin a ɗauki fasinja.

Sauran aikin yana hannun direba. A gangaren dutsen Ngaundare a kan hanyar Garwa, ko a tsaunukan arewacin Togo da motocin Lome zuwa Yamai ke ratsawa, babu birkin da zai jure a ɗora masa ƙafa tun daga sama har ƙasa. Ƙa'idar tsoffin direbobi tana nan daram: a sauka da giyar da za a hau da ita, inji ya riƙe motar, birki ya zama mataimaki da ake takawa a saki. Cire giya a gangara don tsimin mai yana jibga wa birki aikin duka, kashe inji kuwa yana ɗauke taimakon tulun iska bayan taku biyu ko uku. Idan aka ji ƙauri, ko ƙafa ta fara yin nisa, a tsaya a wuri mai tsaro a jira ya huce da kansa. Watsa ruwa a faifai mai zafi yana lanƙwasa shi ko ya tsaga shi.

Ga mai motar da kuɗinsa ba za su isa komai a lokaci guda ba, jerin yana tafiya kamar haka: a toshe duk wani yoyo a sauya mai da tiyo, a sa tayoyi masu rai, a sa plaket na gaske a 'yantar da etiriye, a saita ganga da na'urar lodi, a gwada masta da tulun iska. Yawancin motoci a nan buƙatarsu take ƙarewa. Wadda ta rage tana kukan zafi bayan haka, ita ce ta cancanci faifai mai fale biyu, kuma kafin a saya, a fara ɗora ta a kan sikeli a ga ko lodin ne ya wuce abin da aka rubuta mata.